Tsohuwar Cikin Wasa da Wayar Gwaggo Falmata

Ranar da aka gayyace ni in yi wa ƴan lise, wato ɗaliban babbar sakandare, bayanin aikina, tun ban gama gaisuwa ba wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Tanti, wai da gaske ne biyan ki ake yi ki zauna kina buga wasa a waya?" Aji ya kwashe da dariya. Wani daga baya ya ce in dai haka ne, shi tun bara ya cancanci kujerar darakta. Ni ba gwanar magana a gaban jama'a ba ce. Na ce, "E, kusan haka," na karanta ƴar takardar da na shirya, na sauka. Abin da ya kamata in faɗa musu ran nan shi nake rubutawa yanzu, don bik ɗina, alƙalamina ke nan, ya fi bakina ƙarfin hali.

Sana'ata gwaji ce. Idan mutum ya ƙera wasa ko wata manhajar waya, kafin ya sake ta ga jama'a sai ya kawo mini, ni kuma in nemi inda za ta karye. Shekara bakwai ke nan ina yi, haɗe da karatuna na jami'a a nan Damagaram. Da ita nake sayen littattafai, da ita nake hawan kabu-kabu, babur ɗin haya, daga unguwar Kara-Kara. Kayan aikina ba su cika jakar hannu ba. Wayoyi uku ne: ɗaya mai dama-dama, ɗaya matsakaiciya, ɗaya kuma mai tsagaggen gilashi, wadda in ka buɗe abu biyu a lokaci guda sai ta yi zafi kamar daga murhu aka ɗauko ta. Wannan ta ukun na fi ji da ita, don ita ce ba ta rufa wa kowa asiri. Sai kaye, littafin rubutu irin na ƴan lakwal, wato ƴan makaranta, da bik biyu, shuɗi da ja. Da shuɗi nake rubuta abin da na gani. Ja kuwa na abin da zai iya cutar da mutum ne.

Aikin farko da na yi, a hannun Mushe Kiari na yi shi, wani tsohon malamin makaranta da ya koyi harkar na'ura bayan ya ajiye alli. A nan Mushe ake ce wa malamin boko. Manhaja ce ta wata ƙungiyar manoman gyaɗa a wajen Garagumsa, tana gaya wa manomi da murya lokacin shuka da na cira. Na yi kwana uku ina danne-danne a ɗaki, na kawo masa rahoto mai layi ɗaya: komai lafiya. Ya karanta, ya cire tabarau, ya ce in biyo shi. Muka fita tsakar gida da rana tsaka, ya miƙo mini wayar ya ce, "Danna inda aka ce a danna." Na duba, na sake dubawa, ban ga komai ba. Madannin kore ne a kan kore. A inuwa yana fitowa sarai, a rana sai ya ɓace. Ya ce, "Ƴata, manomin nan a ɗakinku zai yi noma?" Bai bar ni nan ba, ya sa na jiƙa yatsa na dangwali ƙasa na sake dannawa, don in ji yadda hannun da ya fito daga gona yake taɓa gilashi. Tun ran nan na riƙe ƙa'idarsa: ana gwada abu a wayar da za ta ɗauke shi, a wurin da za a yi aiki da shi.

Shi ne kuma ya hana ni rubuta "ba ya aiki". Ya ce wannan ba rahoto ba ne, kuka ne. A rubuta me aka danna, me aka gani, me ya kamata a gani, sau nawa ya faru cikin gwaji goma. A ƙarshen kowane shafi kuma ya sa ina zana ƙananan akwatuna uku: na fita daga manhaja, na cire ta, na mayar da waya yadda na same ta. Ba a rufe kaye sai kowane akwati ya sami alamarsa. A lokacin gani nake rigimar tsufa ce kawai.

Don haka wanda yake ganin wasa muke yi, ya gwada buɗe ƙofa ɗaya sau ɗari biyu, wani lokaci da gudu, wani lokaci da baya-baya, wani lokaci ana kiran wayar, wani lokaci saura kaɗan caji ya ƙare, yana rubuta kowanne. Mai wasa nema yake ya ci. Mai gwaji nema yake ya faɗi, kuma ya iya nuna wa wani yadda zai faɗi daidai wurin.

Shekarar da wutar kuran, wato lantarki, ta yi wuya a gari, sana'ar ta kusa mutuwa a hannuna. Masu ba ni aiki ƙananan ƙungiyoyi ne da samari masu ƙira a ɗakunansu, duk suka yi tsit. Wata biyar ban buɗe kaye ba. Mushe Kiari ya tattara ya koma Tirmini wurin gonarsa. Ni kuma kullum da safe sai in kai wayoyina gidan maƙwabcinmu mai faifan hasken rana, su sha caji, in dawo da su in ajiye, ba don akwai abin yi da su ba, don dai kada baturansu su lalace. A shekarar ce aka rufe shagon da ɗan'uwana Laminu yake aiki, ya zauna a gida, zaman ya ishe shi, ya fara ƙera wasan tsoro.

Laminu ɗan Gwaggo Falmata ne, ƙanwar babana, wato taubashina. A duk dangi da shi kaɗai nake iya mayar da magana. Ya yi shekara ɗaya da rabi a kan wasan, shi kaɗai, da tsohuwar na'urarsa mai kukan injin niƙa. Da ya gama ya kawo mini, yana taƙama.

Sunan wasan Zauren Iya Kande. Gajere ne, wanda bai ɓata hanya ba zai gama shi cikin minti arba'in. Kai baƙo ne, ruwa ya tare ka a cikin Birni, ka fake a zauren wani tsohon gidan ƙasa, riƙe da fitilar ƙwai. A kowace ƙofa ana ba ka zaɓi, ko ka yi sallama ka jira amsa, ko ka kutsa kai. Da gangan Laminu ya ja jiran ya yi tsawo, saboda haka daga ƙofa ta uku kusan kowa sai ya daina sallama. Kana tafe kuma kana tsintar kayan gidan, makulli, allura, ƙwarya, don da su ake buɗe gaba.

Zan faɗi alherinsa tukuna, don yana da shi. Babu jini a ciki, babu dodo mai ƙaho. Tun daga zaure kana jin ana daka a can ƙuryar gida. In ka yi tafiya, dakan na tafiya. In ka tsaya, ya tsaya. Turmin maƙwabtansu ne Laminu ya ɗauki sautinsa, turmi na gaske mai ɗan tsagu, shi ya sa duk wanda ya tashi a gidan da ake daka yake jin abin a bayan wuyansa. Sai kuma ita Iya Kande, tsohuwar gidan, wadda ta san cewa a cikin wasa take. In ka faɗi ka sake farawa, ba ta maimaita maganarta ta farko, sai ta ce, "Kai ne kuma? Sau huɗu ke nan kana tashi na." In ka rage sauti ta ce, "Toshe kunne ka yi?" In ka nemi wurin fita, sai rubutun ya juye ya koma, "Wa ya sallame ka?" Akwai wani wuri da baƙon yake tsaye a gabanta, sai ta kawar da kai daga gare shi ta dubi gilashin sosai ta ce, "Ba da mai fitila nake ba. Da kai nake, mai yatsa." Na buga wasan nan fiye da sau sittin, amma ban taɓa wuce wurin nan ban janye yatsana ba.

Aibinsa ma ba ɓoyayye ba ne. Tsakiyarsa neman makullai bakwai ne a ɗakuna masu kama da juna, kuma mutum ba ya jin tsoro yana neman makulli na biyar, haushi yake ji. Akwai wata fuska da take faɗowa da ihu a bakin rijiya, irin tsoratarwar wanda ya laɓe bayan ƙyaure ya ce "ke!" Sau ɗaya take ci, na biyu dariya take ba mutum. A wayata ta uku, da zarar ruwan sama ya fara zuba a cikin wasan sai komai ya riƙa tafiya da ɗingishi. Can a ƙarshe kuma Laminu ya zuba rubutu shafi uku, ƙanana kamar tururuwa, yana bayyana ko wace ce Iya Kande da abin da ya same ta. Na rubuta masa cewa tsohuwar ta fi ban tsoro lokacin da ba mu san ta ba. Duk waɗannan da shuɗi na rubuta su.

Abu ɗaya na rubuta da ja. Tun a farkon wasan ana neman izinin ganin hotuna da sautukan da ke wayar, kowa kuma dannawa yake bai karanta ba. Gab da ƙarshe sai gilashi ya yi baƙi kamar wasan ya mutu, sannan fuskar wayarka ta dawo, da hotonka na bango, da agogo, da komai a mazauninsa. Amma zane ne, har yanzu kana cikin wasan. Duk abin da ka buɗe, hoto ko sauti, sai ka ga suna ɓacewa ɗaya bayan ɗaya, muryar tsohuwar tana cewa, "Ka shigo gidana ba sallama, ka kwashi kayana. Ni ma na shigo naka." A gaskiya ba ta taɓa komai ba. Mafita biyu ce: ko ka gano ƴar fitila a lungun gilashi ka danna ka yi sallama, ko ka kashe wayar ka kunna.

Laminu ya zo karɓar rahoto yana cewa, "Malama Jan Bik, yau kuma wa aka yanka?"

Na ce, "Shafi na goma sha ɗaya."

Ya karanta ya dafe kai. "Wannan ai shi ne wasan gaba ɗaya! In na cire shi me ya rage? Tsohuwa da turmi?"

"Ban ce ka cire ba. Na ce ka sa masa iyaka. Yanzu ba ya ƙarewa sai mutum ya gane da kansa."

"To ai nan daɗin yake. Duk wanda ya kai wurin ya san wasa yake yi."

"Wanda ya kai wurin. A gidanku hannu nawa ke taɓa waya ɗaya kafin azahar?"

"Ke dai matsoraciya ce. Wanda zai aure ki sai ya cika takarda kafin ya yi sallama."

"Gara shi, ya iya sallamar."

Ya yi dariya, ya naɗe rahoton ya cusa a aljihu, bai gyara komai ba. Mai gwaji ba shi da iko a kan mai ƙira. Namu mu rubuta, nasu su zaɓa.

Saura gwaji ɗaya ya rage mini, a irin ƴar ƙaramar wayar da ta fi yawa a hannun mutane, kuma irinta ce a hannun Gwaggo Falmata. Ranar wata Alhamis da hantsi na je gidanta na roƙi aro. Na tambaye ta, "Gwaggo, akwai abin da kike jin tsoro a kansa a ciki?"

Ta ce, "Me zai kasance a ciki, Uwale? Hotunan biki ne da wa'azi." Uwale take ce mini don sunan mahaifiyarta gare ni.

Da na shiga duba ko akwai wurin da wasan zai zauna, sai na ga abin da ba ta faɗa ba. Saƙonnin murya ne guda goma sha ɗaya daga wata lambar ƙasar waje, na ƙarshensu ya haura shekara biyu, kuma su ne a saman jerin abubuwan da aka buɗe kwanan nan. Na san ko na wane ne. Sanusi, wan Laminu, ɗan farin Gwaggo, ya tafi arewa neman aiki, ya ƙetare hamada, ya yi ta aiko da saƙo, sannan aka daina jin ɗuriyarsa. Gwaggo ba ta faɗin sunansa, kamar yadda uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari. In an yi zancensa sai ta ce Allah ya san inda yake, ta tashi ta duba tukunya. Har ana cewa taurin zuciya gare ta. Ashe a ɗaki take rufe ƙofa ta saurare shi, kuma kunyar kada a sani ta hana ta ce wa kowa ya ajiye mata su a wani wuri. A duk duniya, a cikin ƴar wayar nan kaɗai muryar take.

Ban saurara ba. Ban kuma kwafe su ba, don in na kwafe dole in gaya mata na gani, ni ma kunyar ta kama ni. Na ce a raina ai wasan ba ya taɓa komai.

Na zauna a inuwar darbejiyar tsakar gidanta na buga shi daga zaure har ƙarshe, ina rubutawa. Na kai wurin fuskar wayar ta ƙarya, na rubuta cewa a wannan wayar ma tana fitowa daidai. Ina cikin rubutun wata ƴar ajinmu ta kira ni a tawa wayar, ta ce malami ya matso da jarrabawa zuwa ƙarfe goma, har an fara shiga. Na miƙe a rikice. Wayar Gwaggo ta riga ta yi duhu, na taɓa ta, na ga hoton jikanyarta a bango, agogo yana tafiya daidai, komai a wurinsa. Idona ya ce mini na fita. Na miƙa mata na yi godiya na ruga. Ni da na buga shi sau sittin, ni da na rubuta shi da ja, ni ya fara ruɗawa.

Na gama jarrabawa wajen sha biyu, na zauna a bakin aji na ciro kaye don in gyara rubutun safe. Na kai ƙarshen shafi, sai ga akwatunan Mushe Kiari uku suna kallona, babu alama ko a ɗaya.

Na kira Gwaggo, waya a kashe. Na kira Laminu, na gaya masa a gurguje. Ya fara dariya, ya ce to ta kashe ta kunna mana. Na ce ya je gida yanzu. Bayan minti biyar ya kira, babu dariya a muryarsa. Ya ce maƙwabciya ta gaya masa Gwaggo ta fita da sauri, ta ce cuta ta shiga wayarta ta cinye kayan ciki, ta kashe ta, ta tafi kasuwa wurin masu gyara.

Dole in yi bayanin masu gyara a nan, kuma ba zargin su nake ba, mutane ne masu hannu. Amma in ka kawo musu waya a kashe ka ce cuta ta shiga ta share komai, ba sa ɓata lokacin kunna ta. Tunda mai ita ya ce kayan sun tafi, me za a duba? Daga kashen suke danne madannai biyu na gefe, su shiga ta ƙofar baya, su wanke ta tas ta koma kamar sabuwa. Shi ne formate. Ba ya cin minti biyar. Abin da tsohuwar cikin wasa ta yi ƙaryar yi, mai gyara zai yi shi da gaske, da kyakkyawar niyya.

Na tare kabu-kabu, na ce masa kasuwa, layin masu waya, kuma ya yi sauri. Ni da kullum nake roƙon su su tafi a hankali. Layin yana da tsawo, tebura a jere ƙarƙashin laima, ga cunkoso, ban kuma san wurin wa ta je ba. Muka yi da Laminu ya shigo ta gabas, ni ta yamma. Ina tafe ina leƙa fuskokin mata. Can na hango mayafinta mai ruwan toka, tana zaune a kan benci ta haɗa hannuwa a cinya. A gabanta wani mai gyara ne, ya riƙe ƴar wayar yana duban gilashin, babban yatsansa a gefenta. Tsakanina da su taku ashirin ne, amma wani mai amalanken albasa ya gindaya ya toshe hanya.

Duk shekaruna a jami'a ban taɓa ɗaga hannu a aji ba. Ran nan na buɗe baki na kwarma, "Malam! Kada ka danna! Ajiye wayar nan!"

Layin gaba ɗaya ya juyo. Wani ya ce, "Ɓarawo ne?" Mai albasa ya ja amalankensa gefe ba shiri. Na isa teburin ina haki.

Mai gyaran wani Bakano ne, Malam Bala, dattijo mai furfura a gemu. Ya ce, "Ke baiwar Allah, lafiya? Filashin kawai zan yi mata, in wanke ta. Hajiya ta ce komai ya riga ya tafi."

Na ce, "Bai tafi ba. Don Allah ba ni."

Ya miƙo. Gilashin baƙi ne da ƙananan rubutu, ya riga ya zaɓi layin wankewa, wayar tana tambayar ko an tabbata. Dannawa ɗaya ta rage. Na riƙe ta da hannu biyu, na koma baya a hankali, na hau layin da ke cewa a kunna kawai, na danna. Wayar mai nauyin jiki ce, ta yi kusan minti guda tana tashi. Da hoton jikanyar ya fito, na shiga inda saƙonnin suke, na juya gilashin wajen Gwaggo.

Gwaggo ba ta karatun boko, amma ta san siffar jerin nan. Ta bi shi da yatsa tana ƙirgawa, leɓenta na motsi, har goma sha ɗaya. Sannan ta danna na ƙarshe, ta kai wayar kunne ta cikin mayafi. Ƙarar ta ɗan fito, muka ji muryar namiji yana cewa, "Inna, ina kwana, ya gida, ya su Laminu..." Daidai nan Laminu ya iso. Ya tsaya cak a bayan bencin. Bai taɓa sanin akwai su ba.

Ba ta bari ya ƙare ba. Ta tsayar, ta ƙulle wayar a bakin zane, ta miƙe ta ce, "To. Mu tafi, rana ta yi."

Malam Bala da ya fahimci abin da ya kusa faruwa sai ya yi ta salati. Ya ce, "Wallahi da na danna da ban yafe wa kaina ba. Wai wane ɗan banza ne ya haɗa wannan abu?"

Laminu ya ce, "Ni ne, Baba."

Ya dube shi sama da ƙasa. "Allah ya shirye ka." Muna juyawa ya ƙara da cewa, "Amma in ka gyara ka turo min in gani."

A gida Gwaggo ta zauna a tabarma ta ba mu labari kamar na wata ce ba nata ba. Ta ce ta gama aiki ta shiga ɗaki ta buɗe, sai ta ga suna tafiya ɗaya-ɗaya, wata tsohuwa tana magana. "Na ce mata, baiwar Allah, ni ban shiga gidan kowa ba. Ba ta kula ni ba."

Laminu ya durƙusa ya ce, "Inna, wasa ne na ƙera. Ƙarya take yi, ba abin da ta taɓa."

"Me ma ta ce?"

Ya maimaita mata, kansa a ƙasa.

Gwaggo ta ce, "To ai ba ƙarya ta yi ba. Tsohuwa ta fi ku hankali. Ku ne kuka shigo nawa ba sallama." Ta juyo wajena. "Uwale, da safe kin gan su?"

"Na gani, Gwaggo."

"Kika yi shiru."

"Na yi shiru."

"Jinin gidanmu ne." Ta kwance bakin zanen ta miƙo mini wayar. "Ki ajiye mini su a wani wurin kuma. Kada ki gaya wa kowa."

Na dubi Laminu da ke durƙushe a gabanta. Ta ce, "Wannan bai ji komai ba."

Kafin la'asar na kwafe su wuri uku, na cire wasan, na cika akwatunana. Yau ma sai da na nemi izininta kafin in rubuta wannan. Ta ce in rubuta, tunda ba ita za ta karanta ba.

Laminu ya gyara wasan cikin sati biyu, ba tare da na sake cewa uffan ba. Yanzu ba ya neman ganin hotunan kowa. Fuskar ƙaryar tana nan, amma kayan da ka tsinta a gidan Iya Kande ne suke ɓacewa, kuma kafin ka ja numfashi goma sai gilashin ya tsage ka koma zaure. Makullai sun koma uku, fuskar bakin rijiya ta tafi. Shafuka ukun nan na ƙarshe kuwa ya ce ko zan mutu ba zai cire ba, suna nan, kuma har gobe aibi ne. Gaskiya ita ce wasan ya rage ban tsoro. Ƴan kaɗan da suka buga na farko suna cewa ya fi, kuma ban ce sun yi ƙarya ba. Na san ya fi. Na ga iyakar ƙarfinsa a kan benci a kasuwa.

Wasan ya bi wayoyi hannu zuwa hannu har ya kai Tirmini. Wata rana sai ga saƙo daga Mushe Kiari, layi ɗaya: madannin sallama ba ya fitowa a rana. Na fita tsakar gida na duba. Gaskiyarsa ne.

A kayena yanzu akwatuna huɗu ne. Na huɗun a saman shafi yake, kafin a fara komai: na kwafe abin da ba shi da madadi, ko mai waya ya ce babu komai a ciki. In ya ce babu, nakan ce masa ba sai ya gaya mini ko mene ne ba, ya dai bari in ajiye. Sau da yawa sai mutum ya sake duban wayar, sannan ya miƙo.

Duk wata nakan je gidan Gwaggo in duba wayarta, in share mata tarkace, in tabbatar jerin yana nan. Takan ba ni ita ba tare da ta dube ni ba, ta tafi wajen tukunya. Har yau goma sha ɗaya ne. Na bar wuri a ƙasansu, in Allah ya kawo na goma sha biyu.